Yadda Za Ka Fito a Matsayin Infoma a Fim, Ka Ci Gaba da Zama a Garinku

Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi maka alkawarin cikin mako biyu babu wanda zai wuce ka a Talata Mafara bai waiwayo ba. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, Mas'udu bakaniken babura da ke bakin tasha, kuma har yau yana tafiya da ƙafafunsa biyu.

Mataki na 1: Ka amsa tun kafin ka gama jin labarin

Falalu mai shagon hoto ne ya samu Mas'udu a gareji ya ce zai haɗa fim. Wani ɗan sandan ciki zai saje da gungun ɓarayin babura, ɗaya daga cikin ɓarayin kuma yana tsegunta masa sirrinsu a ɓoye.

"Kai za ka zama mai tseguntawa," in ji Falalu. "Na duba garin nan kaf, ban ga mai idon marasa gaskiya irin naka ba."

Mas'udu ya ji daɗi har ya saya masa lemo. Kai ma ka ɗauki irin wannan magana a matsayin yabo. Kada ka tsaya tunanin cewa babura kake gyarawa, fim ɗin kuma na ɓarayin babura ne. Yawan tunani ne ya hana mutane da dama yin suna.

Mataki na 2: Ka ɓoye wa iyalinka

Sayi baƙin tabarau. Riƙa tsayawa bayan rumbu kana yi wa katanga raɗa. Da Taibatu, matar Mas'udu, ta kama shi yana haka, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Maigida, lafiya dai?"

"Aiki ne na sirri," ya ce, bai ko cire tabarau ba.

Wannan ce amsar da ta dace. Mace in ta ji haka hankalinta yakan kwanta, har ta kira ƙanwarta a waya.

Mataki na 3: Ka ɗauki fim ranar da kasuwa ta fi cika

Ranar Talata, bayan rumfar masu albasa. Falalu ya ɓoye kyamara cikin kwali don abin ya yi kama da gaske, saboda haka babu wanda ya san fim ake yi. Mas'udu ya matsa kusa da mai fitowa a ɗan sanda, wanda ke sanye da kayan gida, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Babura uku ne, sababbi fil. Za su bi hanyar Bakura bayan la'asar. Kada ka ce ni na faɗa maka."

Lasifikar mai maganin basir ta danne muryarsa. Aka sake. Sau goma sha ɗaya aka sake, kowane karo da ƙarin ƙarfi. Kafin su tashi, masu albasa sun haddace.

Mataki na 4: Ka bar talla a hannun darakta

Falalu ya yanko wannan wurin kaɗai ya tura wa mutane a waya, babu suna, babu bayani, wai don a ƙagu. Aka kuwa ƙagu. Laraba hoton ya isa Maradun, Alhamis yana Faru. Ranar Juma'a masu babura suka fara zuwa suna kwashe kayansu daga garejin Mas'udu. Wani ya tura nasa har gida, injin yana cikin buhu.

A nan dariyar Mas'udu ta tsaya. Ya san ƙasar da yake ciki. Ya san mutanen da aka raba da dukiya, da waɗanda aka raba da 'yan'uwa, saboda wani ya yi irin wannan raɗar da gaske. Ya zauna kan tsohuwar taya, spana a hannu, ya kasa tuna abin da zai kwance. Ya kira Falalu sau takwas, wayar a kashe.

Mataki na 5: Ka jira uwarka

Za ta zo, ba sai ka aika ba. Inno, mahaifiyar Mas'udu, ta sauka daga kabu-kabu tun daga Garbadu, ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Mas'udu, mi na yi maka da za ka saka mini da wanga abin kunya?"

"Inno, wasa ne wallahi."

"Wasa da rayukan mutane? Tashi!"

Ta kama shi a tsintsiyar hannu, mutum mai 'ya'ya uku, ta ja shi ta tsakiyar unguwa har wurin Abdulhamid, shugaban 'yan banga. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi gajiya, ba ta saki hannun ba. Sannan ta ce, "Ga shi na kawo maka da kaina tun ba a zo nemansa ba. In ya yi, ku hukunta shi. In bai yi ba, ku faɗa wa gari da bakinku."

Mataki na 6: A nuna fim ɗin gaba ɗaya

Aka zaƙulo Falalu daga gidan kawunsa. Bayan la'asar aka kafa talabijin ƙofar gidan mai unguwa, aka tada janareta, jama'a ta cika har kan katanga. Sai ga shi ashe ɗan sanda Mas'udu yake taimako. Da aka zo inda ɓarayin suka gano shi suka ɗaure shi a jikin bishiya, Inno ta miƙe tsaye ta nuna talabijin.

"Ku sake mini ɗana, marasa tsoron Allah!"

Ɗan yana zaune kusa da ita yana jan gefen mayafinta.

Abdulhamid ya shelanta cewa Mas'udu ba shi da laifi. Da taro ya watse, ya ja shi gefe ya rage murya: "Tsakaninmu, tun yaushe kake aiki da 'yan sanda?"

Mataki na 7: Ka musa, amma kada ka sa ran a yarda

Yanzu in Mas'udu ya doso majalisa sai a koma hirar damina. Wani dattijo ya taso tun daga Ruwan Gizo ya kawo masa ƙarar ragon da ya ɓata. In ya rantse shi bakanike ne kawai, sai a kashe masa ido a ce, "Mun gane, ranka ya daɗe." Taibatu kuwa in maƙwabta sun tambaye ta, cewa take ba a ba ta izinin magana ba. Babura sun dawo gareji har sun fi da, don an yi ittifaƙi ɓarawo ba ya taɓa abin da Mas'udu ya gyara.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko gudun kwastomomi ne, ko yajin mata, ko tsallake katanga. Kada ka ambaci sunana gaban 'yan banga, zan ce ban taɓa ganinka ba. Kafin ka fara kuma, je ka dubi mahaifiyarka da kyau. In ba za ta iya jan ƙato ta tsakiyar unguwa da rana tsaka ba, ka ce wa darakta ya ba ka fitowar mai albasa.