Ranar da na zuba wa fenti man kaɗanya

Na yi yaƙin Boma na dawo da ƙafafuna biyu, na shekara goma ina tura amalanke a kasuwar Salaga. Don haka da wani direban lori ya ba ni ragowar koren fenti, ban nemi shawarar kowa ba. Wanda ya kwance bindiga ya ɗaura, fenti ne zai gagare shi?

Fentin ya yi kauri, kananzir kuma babu. Na ce mai ai mai ne. Na narka man kaɗanya na zuba, na gauraya. Na shafe katakon amalanken, na shafe hannuwa, na bi ƙafafun har ƙusoshi.

Kwana uku bai bushe ba. Ranar kasuwa Magajiyar masu doya ta aiko, ita ce kuwa mai ba ni dakon da nake ci da shi. Na loda doyarta, na ce iska za ta busar a hanya.

Da na sauke, kowace doya koriya shar, tana maiƙo. Magajiya ta ɗaga ɗaya ta sansana, ta dube ni.

"Baba Soja, fenti ka yi ko suya?"

Ta kawo toka da tsumma, muka zauna muna goge doya har azahar. Ba ta kore ni ba.

Amma har yau in na wuce, sai matan sun ɗaga murya: "Baba Soja, amalanken ya soyu, ko a ƙara wuta?"