Batirin Da Na Shayar Da Zamzam

Ba zan taɓa mantawa ba da fitar da muka yi bakin tekun Ubhur washegarin wata ƙaramar Sallah, zamanin da manyan motocin Amurka suka fara cika Jidda. Lokacin ina koyon aikin wayarin a wani gareji a unguwar Ruwais, ban gama iya riƙe filaya ba amma jin kaina nake injiniya. Ina kuma neman auren Safiya, 'yar Ammi Usman (Ammi, wato kawu da Larabci), direban wani attajiri. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai ba da 'yarsa ba sai ga mai sana'a a hannu.

Attajirin yana da wata mota, gida ce sukutum, da gado da firji da fanka. Batirinta biyu, ɗaya na inji, ɗaya na kayan ciki. Ammi Usman ya damƙa mini kula da su don ya gwada ni. Zafin Jidda kuwa shanye ruwan batir yake, dole a riƙa ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa a kwalba. Ni da iyayi na ce, wane ruwa ya kai Zamzam tsarki? Na riƙa zuwa wurin Hajja, mahaifiyar Safiya, ina roƙon kofi guda, wai cikina ke ciwo (ta yi ta mini addu'a, baiwar Allah). Wata da watanni ina ɗura wa batiran, ina jiran albarka.

Da Sallah attajirin ya ba Ammi Usman da iyalinsa aron motar, aka gayyace ni. Na sha sabuwar farar jallabiya, na zauna gaba ina washe baki. Muka ci soyayyen kifi, yara suna ta facal-facal a ruwa, Safiya tana satar kallona ta taga. Daɗi kamar ya kashe ni.

Fanka ce ta fara tsayawa, firji ya bi ta. Da la'asar Ammi Usman ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Ya buɗe murafen batir ya leƙa.

"Ya waladi, ɗana, wane ruwa kake zuba musu?"

Maimakon in kama bakina, na buga ƙirji. "Wanda ya fi kowane ruwa, Ammi. Zamzam!"

Can Hajja ta leƙo da kofi a hannu.

"Au! Dama ciwon cikin na batir ne?"

Dariya ta ɓarke har da masunta, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ammi Usman yana share hawaye ya ce, "Halas, shi ke nan, ka kashe su. Gishirin da ke ciki magani ne ga ɗan Adam, shi batir ba ya so." Wani mai motar kifi ne ya jona mana waya muka tashi. A hanya na tabbata Safiya ta kuɓuce mini.

Ashe Hajja ta gama yanke hukunci. Ta ce wa mijinta, "Yaron da ya tausaya wa ƙarfe ya ba shi Zamzam ba zai bar 'yata da ƙishi ba. Sana'a kai ka koya masa."

Haka aka yi, ya koya mini, ya ba ni Safiya. Na dai gane niyya mai kyau ba ta tayar da mota, sai an haɗa da tambaya. Har yau in na ce cikina na ciwo, Safiya sai ta tambaye ni, "Na inji ko na firji?"