Rasuwar Doña Pancracia, Motar Kamen Karnuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Don Nicanor Ayaviri, direba kuma mai gadi kuma mai shara kuma kuku a gidan karnukan ƙaramar hukumar Santa Rufina, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba sa ga maciji da shi, rasuwar abokiyar aikinsa Doña Pancracia, farar motar kamen karnuka. Rai ya yi halinsa ranar bikin San Roque, a bainar jama'a, 'yan badujala suna tsaka da busa.

Marigayiyar ta shigo garin nan tana sabuwa dal, lokacin Don Nicanor yana da gashi a ka. Ta zo da jiniyarta, da kejinta a baya, da majiya ƙarfi masu raga, da likitan dabbobi mai farar riga. A wancan zamani karen da ya ji muryarta daga bakin gada ba ya tsayawa sai bayan maƙabarta. Duk wanda kare ya ciji ɗansa ita yake kira, kuma tana zuwa.

Sai majalisa ta koyi kalmar tsuke bakin aljihu, ta kuwa riƙe ta gam. Kowace shekara sai an zauna an yanke wani abu. Aka fara da likita, ya tafi Santa Cruz duba kajin wani attajiri. Aka bi da masu raga. Aka kashe jiniya. Da abin tayar da injinta ya mutu aka ce a yi haƙuri sai baɗi, baɗin da har yau ba ta iso ba. Doña Pancracia ba ta taɓa kai ƙara ba. Da yake gidan karnukan a ƙoƙoluwar tudu yake, sai Don Nicanor ya riƙa kwantar da ita hancinta na kallon gangare, dutse a ƙarƙashin taya. Da safe ya shure dutsen, ya bi ta da gudu, ya faɗa ciki, ita kuma ta gaishe shi da gaisuwar da duk unguwa ta haddace: “Kur-kur-kur… tuf! Tuf! Gwarrr!” Matan unguwa da wannan tarin suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi.

Shekarar da aka yanke abincin karnukan ita ce shekarar da marigayiya ta tuba ta canza sana'a. Ina amfanin kamo kare ka kulle shi da yunwa? Sai ta koma bin kasuwa. Kullum ta sauko ta tsaya a layin mahauta, a loda mata huhu da ƙafafun kaji da burodin jiya da ƙanzon shinkafar masu abinci, ta haye da su tana nishi. Doña Remigia mahauciya, mai ƙazamin baki da sakin hannu, ita ce uwar wannan hidima: tana zagin Don Nicanor da cewa warinsa yana korar mata masu ciniki, tana cika masa bokiti. Babu mai tasi a garin nan da zai yarda a sa masa waɗannan bokitai a mota ko da kuwa uwarsa ce ta roƙe shi. Saboda haka kowa ya sani, cikin karnukan nan a bayan Doña Pancracia yake hawa tudu.

Karnukan titi ma suka gane. Motar da kakanninsu suke gudu, jikokin suka koma yi mata rakiya, wasu har su ɗale keji da kansu su zauna. Mun sha ganin ma'aikacin kamen karnuka na gwamnati a tsakiyar titi, hula a hannu, yana roƙon kare ya yi wa Allah ya sauka, babu wuri.

Mace ce mai haƙuri da ƙana'a. Abin da ake ɗiga mata na mai ko babur zai raina, amma ta ƙoshi. Ta ɗauki hotunan yaƙin zaɓen magajin gari, ta ɗauki kujerun bikin 'yarsa, ba a ce mata sannu ba. Ba za mu ɓoye aibinta ba tunda ba waliyiya ba ce: tana da wari, ƙofarta ta hagu da waya ake ɗaure ta, kuma ta daɗe da daina ja da baya, ko da bishof ne a gabanta.

Jinyarta ta fara da yoyon lagireto. Maestro Zenón bakanike ya duba ya ce sai sabo. Don Nicanor ya wanke rigarsa ya je sakatariya, aka ce masa maganar tana kan tebur. Ya koma, aka ce teburin yana wani ofis. Sai Zenón ya koma maganin gargajiya, yana fasa mata ɗanyen ƙwai a lagireto don ya toshe hujin. Ta sha ƙwai a watannin nan fiye da mai jego, daga kajin gidan Don Nicanor.

Ranar San Roque, waliyin karnuka, ranar da kowa ke ɗaura wa karensa ƙyalle mai launi a wuya, magajin gari ya tuna yana da gidan karnuka. Ya ce zai zo da kansa ya yi wa motar ch'alla, wato a shayar da ita da Pachamama uwar ƙasa don neman albarka. Kuɗin lagireto babu, amma na badujala da mai hoto da akwatunan giya sun fito ba tare da sun kwana a kan tebur ba. Wa zai hau da kayan? Mara lafiya. Sahu bayan sahu ta yi ta jigilar kujeru da lasifika da ƙanƙara, har ta iso sahun ƙarshe tana tafasa kamar tukunyar dankali.

Aka yi mata ado da furanni da yankakkun takardu. Magajin gari ya zuba giya a taya huɗu kamar yadda aka gada, sannan ya ce a buɗe gaba a shayar da zuciyarta.

“Ranka ya daɗe, a bari ta huce tukuna,” in ji Don Nicanor.

“Don Nica, mai hoto yana da wani bikin. Ko so kake a ce kai ka hana ta albarka?”

Wa zai yarda a ce shi ya tare ch'alla a gaban dukan gari? Ko kakarsa da ke kabari sai ta tashi ta mare shi. Ya buɗe da hannunsa. Magajin gari ya zaro kwalba daga cikin ƙanƙara, ya girgiza, ya juya wa mai hoto gefen fuskarsa mai kyau, ya tuttule ta a kan injin. Marigayiya ta ce, “Tsssss…” sannan ta ce, “Ƙas!” 'Yan badujala suka ɗauka abin wasan wuta ne suka ƙara ƙaimi. Jama'a suka yi tafi, wai Pachamama ta karɓa. Zenón kaɗai ya cire hularsa.

Washegari Don Nicanor, da yake zuciya ba ta saurin yarda, ya shure dutsen ya faɗa ciki. Ta gangara shiru, ko tari babu, tun daga ƙofar gida har layin mahauta, ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa. Doña Remigia ta leƙo ta ga tsoho ya kifa kai a sitiyari yana kuka. Rannan ba ta zage shi ba.

Ta rasu ta bar Don Nicanor, da tayar safaya ɗaya wadda ta fi sauran sanƙo, da marayu sama da arba'in. Cikinsu akwai Coronel mai ido ɗaya, da Chispa mai ƙafa uku, da Diputado, wato Ɗan Majalisa, wanda ba ya komai sai ci da barci, da wasu 'yan kwikwiyo da wani mara tsoron Allah ya ajiye a kwali a bakin ƙofa ana cikin makoki. Tun rasuwarta Don Nicanor ke goya bokiti a zane yana hawa tudun da ƙafa, da gwiwoyin da suka haura shekara sittin. Abin da bayan tsoho ke ɗauka ba ya ciyar da arba'in. Yana rabawa suna kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa don kunya.

Majalisa ta aiko da ta'aziyyarta, mun gode. Ta ce tunda babu mota babu gida, za a rufe. Ranar Litinin wani likita zai zo daga birni da allurar da kare ba ya farkawa daga barcinta, kuma kuɗin wannan ma sun fito. An umarci Don Nicanor ya tsaya ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya, wai shi suka sani, a hannunsa ba za su yi gardama ba. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta hana shi cin abinci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a layin mahauta. Maestro Zenón ne zai wanke gawa, kuma ya yi alkawarin ba zai cire komai ba sai jama'a sun watse. Ana buƙatar maza masu ƙarfi su tura ta zuwa garejinsa. Daga nan za a hau tudu da ƙafa, kowa ya ɗanɗana abin da ta sha, a yi zaman makoki a gidan marayun. Doña Remigia za ta raba kunun masara mai zafi, ta kuma ce a faɗa da babbar murya, wanda ya sha kununta ya sauko hannu rabbana kada ya sake tsayawa a gaban teburinta.

Kada a kawo furanni. Wanda ya kawo giya zai koma da ita a ka. Igiya ake so, kowa ya zo da tasa, ya sauko da maraya ɗaya. Ƙofa za ta kasance a buɗe har faɗuwar ranar Lahadi, Don Nicanor yana wurin don ya gaya wa kowa wanda ke tsoron tsawa da wanda ke son yara. Roƙonsa ɗaya ne: wanda ya zo ya fara duba kejin ƙarshe, na tsofaffi. 'Yan kwikwiyo ba sa rasa mai so, likitan Litinin kuwa daga kan tsofaffin zai fara.