Ranar Da Na Yi Wasiyya Cikin Manja

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin jajibirin bikin ƙanwar matata ba. Ko na so in manta ma, matan Zongon Lome ba za su bar ni ba.

Ni tela ne, shagona yana bayan kasuwar Asigame. A wancan zamanin na jam'iyya ɗaya, lokacin da rediyo ke tashin mu da waƙoƙin yabo ya kwantar da mu da su, ni kaɗai ne tela mai mota a layinmu. Tsohuwa ce tukuf, na saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida. Amma mota ai mota ce. Kullum da safe sau biyu nake goge ta: na farko don ƙura, na biyu don maƙwabta.

Ciwonta ɗaya, ƙafafun gaba. Ko tsakuwa ta taka sai ka ji gwaram-gwaram kamar an kifar da kwandon kwanuka. Ana cikin haka sai surukina Alhaji, mahaifin matata Ramatu, falken goro wanda yabo ke yi wa wuyar fita daga baki, ya faɗa a gaban dangi cewa motata ce za ta kai amarya gidan mijinta a Totsi. Shekara shida ina auren 'yarsa, wannan ne karo na farko da ya ɗora mini aikin da ya wuce shimfiɗa tabarma. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Na garzaya unguwar Be wurin Fo Kosi, bakanike ne ɗan ƙabilar Ewe mai jin Hausa kamar a Zongo aka yanke masa cibiya. Ya danna gaban motar da hannu biyu, ta yi ta rawa kamar ba za ta daina ba.

"Amotisa biyu sun mutu, silambulok sun cinye," in ji shi. (Wato shokazoba, da robobin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe.) "Kawo ta Litinin."

"Fo, biki ranar Lahadi ne fa!"

Ya nuna mini motocin da ke gabana a layi. Ni kuwa na ce ya ba ni kayan kawai, zan ɗaura da kaina a gida. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tela, sifirin ɗin nan ba zare ba ne. Sai da ƙarfen matse shi ake kwance shi." (Sifirin shi ne naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke zagaye da amotisa, mai zabura in an sake shi.)

"Haba Fo, mutumin da ke wargaza keken ɗinki ya mayar ido rufe? Mota ai keken ɗinki ce da ta yi ƙiba."

Da na koma gida na ƙara gishiri. Na shaida wa kowa cewa shekara biyu na yi ina kanikanci a Kumasi. (Gaskiyar magana, mako biyu na yi, ina ɗinka rigunan kujerun mota a shagon da ke kallon wani gareji.)

Asabar da hantsi na fito da farar singileti sabuwa, na ɗaga motar da jak a ƙofar gida, na tokare ta da bulo, na cire tayoyi. A bayan katanga mata na ta girkin biki a ƙarƙashin Goggo Asabe, yayar Alhaji, wadda muryarta ke kaiwa bakin teku. Tsofaffin robobin na fitar da su da guduma. Sababbin suka ƙi shiga. Na ƙwala wa Ramatu kira ta kawo mini manja, ta kawo kwano guda tana harara. Na shafa, na buga, suka shige sumul. Dattawan da ke kan benci suka ce, "Kai, Kumasi ta yi rana!" Kan ka ce kwabo sai ga Alhaji da kansa, an kawo masa kujera ya zauna yana kallo yana tauna goro. Jama'a, kaina ya kusa fin motar girma.

Na ciro amotisa ɗaya da sifirinta a naɗe, na ɗora a kan turmin da na kife, kusa da kwanon manjan. Saura noti ɗaya a can sama. Na tuna da maganar Fo Kosi, na kuma tuna Alhaji na kallo, sai na zaɓi Alhaji. Na sa sifana ina juyawa, har ina yi wa dattawa bayani. Da farko notin ya yi tauri, can sai ya fara sauƙi. Ni a wautata murna na yi.

Daram!

Wani abu ya wuce ta gefen kunnena yana kuka, wani ya doke ni a ƙirji, na faɗi wanwar. To ku tuna zamanin da ake ciki: ko tayar keke ta fashe, sai mutane su zaci harbi ne. Dattawan nan suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar carbi. Na ɗaga kai na dubi singiletina. Ja wur. Ga ɗumi yana gangarowa har cibiya.

"Wayyo Allah, an harbe ni! Ramatu, an harbe ni!"

Ta fito da gudu ba ɗankwali, mata na biye da ita suna salati. Na yi kalmar shahada sau biyu, don kada ta farkon ta zama ba ta fita daidai ba. Daga nan na riƙe hannunta na shiga wasiyya da iyakar muryata.

"Ki yafe mini! Keken ɗinkina na ƙanena ne! Ki gaya wa Baba ban taɓa koyon kanikanci ba, rigar kujera na ɗinka a Kumasi! Kuma cinyoyin kajin nan huɗu na jiya, ni na cinye, ba kyanwa ba ce!"

(Tun da asuba aka kori baiwar Allah kyanwar nan daga gidan da muciya.)

Ramatu na tsakiyar kuka sai ta tsaya cak. Ta sunkuyo ta shinshina. Ta dangwali ƙirjina da yatsa ta kai baki.

"Maigida," ta ce a hankali, "manjana ne."

Ina kwance ina kallon sama, ina roƙon Allah ko ƙaramin rauni ne a samu. Babu. Ko ƙwarzane babu. Sai ga Goggo Asabe ta ɓullo daga cikin gida, ta saƙalo sifirina a jikin ludayi, miyar kuɓewa na zuba daga jikinsa tana yauƙi.

"Wane ɗan albarka ne ya ƙara mana nama a tukunya?"

Alhaji ne ya fara. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai wajen cin goro, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana nuna ni yana kasa magana. Mata suka ɗauka, har da masu zama a ƙasa. Dattawan da suka gudu suka dawo neman takalma, aka ba su labari, su ma suka kama. Ni dai na tashi na tsaya, manja na ɗiga daga gwiwar hannuna, na rasa inda zan ajiye idona.

Alhaji da kansa ya shiga tasi ya je Be ya ɗauko Fo Kosi. Ban san me ya gaya masa ba, na dai ga Fo Kosi ya sauko yana share hawayen dariya. Ya duba aikina ya ce robobin duk a juye na sa su, ga shi manja cin roba yake yi, sai da aka fitar aka wanke da sabulu. Ya ɗauko ƙarfen matse sifirin ya nuna mini shi kamar ana nuna wa yaro wuta. Sannan ya daina dariya.

"Tela, da kanka na saitin abin nan, da gobe taro biyu za a yi a gidan nan."

Kafin magariba ya gama. Ranar Lahadi na kai amarya Totsi, mota na tafiya lumui kamar a kan katifa. Goggo Asabe ce a gaba, duk ramin da muka tunkara sai ta dafa ni ta ce, "A hankali, ɗana, kada a sake harbin ka." Amarya da ya kamata ta yi kukan rabuwa da gida, cikin mayafi sai kafaɗunta ke rawa.

Da muka dawo Alhaji ya kira ni gefe ya ba ni farin goro guda.

"Mutumin da ya ga mutuwa ya tuna da haƙƙin kyanwa ba zai ci amanar 'yata ba," in ji shi. "Amma don Allah ka tsaya ga allurarka."

Na tsaya kuwa. Abin da na koya kuma kyauta nake ba kowa: duk ranar da ka ga kamar taka ta ƙare, kafin ka buɗe baki ka fara tona wa kanka asiri, daure ka ɗan lashi jinin tukuna.