Dubiyar da Ba a Nema Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ja zugar mutane zuwa ɗakin Nasiru a garin Landover, nan Amurka, alhali abin da yaron ya nema a wurina kiran waya ne kawai.

Ni dillalin motoci ne. Ina sayen waɗanda suka yi hatsari a wurin gwanjo, a gyara, in loda su a jirgin ruwa zuwa gida. Sana'ata karanta takarda ce har ƙarshe, don a layin ƙasa ake ɓoye cewa mota ta taɓa nutsewa a ruwa. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Nasiru ɗan aminina ne marigayi. Yana saurayi ya shiga sojan Amurka, ya dawo da ciwon baya. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyin kashe zafi, ciwon ya lafa, ƙwayoyin kuma suka ƙi sakinsa. Lokacin da ya fara tuƙa mini motoci zuwa tashar jirgi ya riga ya shiga magani a asibitin tsofaffin sojoji, kuma duk jama'armu ni kaɗai ya gaya wa. Kun san mu. Da maganar ta fita, kafin la'asar an sa masa suna ɗan ƙwaya, babu kuma uban da zai sake yi masa maganar 'yarsa.

Wata rana ya nuna mini wata manhaja a wayarsa. Tana tuna masa shan magani, tana haɗa shi da mai ba shi shawara da 'yan uwansa sojoji masu irin larurarsa. Akwai kuma wurin da zai danna idan sha'awar ƙwayar ta taso masa, sai saƙo ya tafi ga mutumin da ya zaɓa.

"Kawu, kai nake so in sa," ya ce. "Amma bari in yi maka bayanin yadda..."

"Sa ni kawai," na ce. (Ina kan ciniki da wani mai taurin kai a ɗaya wayar.) "Wane bayani kuma tsakanina da kai?"

Ranar da saƙon ya zo muna walimar suna a garin Clinton, na sha babbar riga, hannuna cikin miyar taushe. Tabarauna kuwa na baro shi a mota. Na miƙar da wayar nesa da fuskata, na iya karanto layin farko: Nasiru yana bukatarka yanzu. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ban bi ta kansu ba. Na kira sau ɗaya, ana ta kiɗa ban ji ko ta shiga ba, na kashe na miƙe.

Matata, Hajiya Ladidi, ta ga fuskata. "Alhaji, lafiya?"

"Nasiru ne ba shi da lafiya."

Abin da na faɗa ke nan, amma a gidan Bahaushe wannan ya isa. Hajiya ta cika kula da waina. Malam Idi, dattijon da ke ja mana salla, ya ce ba za a je dubiya a bar shi ba. Sista Rahila, nas ce 'yar Jos, ta ɗauko jakarta. Wasu mutum biyu suka biyo mu don kawai sun ga ana tafiya. Ni kuwa ina gaba ina jin kaina, wai ga mai riƙon amanar aboki.

Muka buga ƙofa, shiru. Ina da makullin da ya ba ni ajiya, na buɗe na faɗa ciki ina salati.

Nasiru na zaune a teburin cin abinci cikin singileti, lafiyarsa ƙalau, abin sauraro a kunnuwansa. Ya jingina wayar da gwangwanin madara, a fuskarta ga kawunan maza, farare da baƙaƙe. Ashe da ya danna bai ji ni ba, manhajar ta shigar da shi zaman tattaunawa da 'yan uwansa sojoji. Ya zabura, igiyar ta fizge daga wayar, murya ta fito fili.

Hajiya ta ɗauka dangi ne ake gaisawa da su. Ta sunkuya gaban wayar. "Sannunku! Ya mai jiki?"

Malam Idi ya riga ya dafa kan yaron ya fara tofi.

Wani tsoho mai farin gemu a cikin wayar ya ce da Turanci, "Nas, wannan ne kawun da kake ba mu labari? Mun ce ka nemi mutum ɗaya, shi ya taho da bataliya." Suka kwashe da dariya. Nasiru bai yi ba. Ya kife wayar ya dube ni, kallon da har yau ban manta shi ba.

Malam Idi ya shafa addu'a ya juyo. "Wai Alhaji, me ke damun yaron ne?"

Kowa ya zuba mini ido. Ni da na taɓa sayar da motar da ba ta tashi ga mutumin da ya zo tambayar hanya, yau dabara ta ƙare mini. In na faɗi gaskiya na tona shi, in na yi ƙarya ga Malam tsaye da carbi. Ga kwalin maganinsa kuma a kan teburin, a bainar jama'a.

"Bayana ne, Baba," Nasiru ya ce a hankali. "Tun na soja."

Sista Rahila ta karɓi kular daga hannun Hajiya ta dire ta daidai kan kwalin. "Ciwon baya hutu yake so, ba taro ba. Baba, mu tafi. Alhaji, kai ka kawo mu, kai za ka fara fita." Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba har yau, sai dai da yake ta ga yadda na yi fama da karanta saƙon a wurin walima, duk inda muka haɗu takan tambaye ni ko na zo da tabarau.

Ranar Litinin na zata ba zai zo aiki ba. Ya zo. Ya karɓi wayata ya ƙara girman rubutun, ya miƙo mini. "Karanta, Kawu. Da ƙarfi."

Na karanta. Ka kira shi ku yi hira. Kada ka je sai ya ce ka zo. Kada ka sanar da kowa.

"Na zaɓe ka ne don ba ka da surutu," ya ce.

Na ce ya cire sunana ya sa na mai hankali. Ya ce zai yi tunani. Bai cire ba. Da saƙon ya sake zuwa, na shiga mota na rufe gilashi na kira shi, muka yi ta zagin wata mota mai mataccen giya har ya ce abin ya wuce. Kafin ya kashe ya ce mutanensa na tambaya ko bataliya na nan lafiya.

Abin da na koya shi ne, ba kowane ciwo ke son dubiya ba, kuma ɗan Adam ma yana da layin ƙasa. Tabarau kuwa yanzu a wuya nake rataye shi.