Baƙon Da Ya Mamaye Gaɓa Uku

"Ni da kuke gani, na taɓa cusa firji uku a kwalin talabijin." Haka Mas'udu Sarkin Matsi, mai ɗaure wa 'yan kasuwa kaya, yake buɗe hira a gidan abincinmu na unguwar Dengfeng. Ina iya yi muku muryarsa har da tarin.

Yayata Aicha ɗaliba ce a nan Guangzhou. Shekara guda ta yi tana kankaro dodon koɗi daga duwatsun bakin teku, a Tema, a Legas, a nan China. Irin masu maƙalewa a gindin jirgin ruwa ne, su sauka ƙasar mutane, su hayayyafa, su kori 'yan gida. Gwajin DNA ne zai tona inda suka taso. Kowanne yana 'yar kwalbarsa da sunan garinsa, kuma digirinta kaf a kan sunayen nan ya rataya.

Kwali huɗu za ta aika ɗakin gwaji, Mas'udu ya ce a bar wa gwani. Da la'asar sai ga shi da bokitin fenti ɗaya, yana washe baki. Ya juye su duka ciki, ya zubar da kwalaben.

"Iska kike ta ɗauka, Hajiya. Na rage miki."

Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa. Gogan ya ce kada ta damu, ai ya san halinsu: 'yan Legas rigima, 'yan Tema ladabi, 'yan China ba sa gaisuwa. Ya naɗe hannun riga ya hau raba su tsibi uku, yana lasar yatsa, gumi na ɗiga ciki. Ɓawo ya yanke shi, ya ce wannan ɗan Legas ne.

Allah Ya taimaka, Yaya ta tuna tun da farko ta gutsuri kowanne ta ajiye a firjin makaranta. Na roƙe ta kada ta faɗa masa, ta aika har da tsibinsa uku.

Ranar da sakamakon tsibin Mas'udu ya fito gidan abinci cike yake. Na yi tarinsa, na karanta da muryarsa: a Tema, a Legas, a China, halitta ɗaya ce ta mamaye ko'ina, ɗan Adam, namiji.

"Malamin Yaya yana tambaya, Sarkin Matsi," na ce, "a gindin wane jirgi ka maƙale ka zo?"