Yadda Za Ki Dakatar da Kawunki Daga Zauren Intanet

Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari za ki hukunta ƙanin mahaifiyarki kuma ki ci tuwon Sallah a gidansa. An gwada su a kan Bara'atu.

1. Ki gane inda kika faɗa

Da can zauren 'yan Kucheri mazauna Gusau da kewaye yana shafin wani kamfani. Duk wanda aka cire, sai a ce kamfani ne, a yi masa jaje. Da kamfanin ya rufe shafin ba ko sallama, suka buɗe zaure nasu na kansu: su ke kafa doka, su ke zaɓen mai kula. Suka zaɓi Bara'atu don ba ta taɓa cewa uffan ba. Masana sun tabbatar shiru ne ke jawo mulki.

2. Ki yi kamar ba ki gani ba

Doka ta ce babu talla sai ranar Juma'a, wanda ya nace a dakatar da shi. Kawu Isma'ila kuwa, kawun Bara'atu, kullum sai ya turo hoton tinkiyarsa ta sayarwa: ta gaba, ta baya, tana tuƙa. Ki ce ba ki da data. Wannan zai riƙe ki har sai Inna Jummai ta turo murya daga Bungudu: "Shugaba, ko dokar ba ta hawa kan kawunnai?"

3. Ki nemi mafaka a ƙuri'a

Ki ce jama'a su yanke. Kowa zai zaɓi a dakatar da shi, sannan kowa ya kira shi a ɓoye ya rantse ba da shi ba. Maɓallin dai a wayarki yake.

4. Ki danna

Da bisimilla. Bara'atu ta danna, ta kife wayar cikin kwandon wanki.

5. Ki je gaisuwa

Ta same shi a ƙofar gida a Tsafe cikin abokansa, ta durƙusa.

"Ɗiyata, kin ji abin da ya same ni?"

"Kawu, ai ni ce..."

"Kamfani," ya katse ta, yana kallon abokansa. "Kamfani ya cire ni. Mutanen nan ba su san girman kowa ba."

"Kawu, ai yanzu babu..."

"Mi kika sani game da kamfani? Shiga ciki, a zuba miki tuwo."

Shi ne fa ya fara kawo shawarar a buɗe zauren da ba ruwan kamfani a ciki. Dokar tallan ma shi ya tsara ta.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ta da hannu idan naki kawun bai kai Kawu Isma'ila kara ba. Haka kuma ba ta ɗauki alhakin ranar Juma'ar da zai dawo zauren ba. Tinkiyar ta haihu, tagwaye.